Gyaran tsofaffin tufafi: abin da matasan kasuwar Kantamanto ke nuna wa telolin Nijar

A kowane mako, tufafin gwanjo kimanin miliyan 15 ne ke shiga kasuwar Kantamanto da ke tsakiyar Akra, babban birnin ƙasar Ghana. Wannan ƙiyasi ne na gidauniyar The Or Foundation, wadda ta shafe shekaru tana aiki da ƴan kasuwar. Gidauniyar ta ce mutane wajen dubu 30 ne ke neman abincinsu a wurin, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na kayan da ake kwancewa daga cikin diloli ba sa samun mai saye, a juji suke ƙarewa. Ragowar kuwa ba ya sayuwa sai ya bi ta hannun masu wanki, masu guga, masu rini da teloli, akasarinsu matasa, waɗanda ke mayar da abin da Turawa suka yar ya koma abin sawa.

Labarin wannan kasuwa ya shafi Nijar kai tsaye. Irin dilolin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema su ne ake saukewa a Lome da Kwatano, su ne kuma ake kwancewa a kasuwannin Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, inda ake kiran kayan da gwanjo ko bosho. Abin da Akra ke fama da shi a yau, da dabarun da matasanta suka ɓullo da su, na nuna inda harkar ta dosa a sauran ƙasashen yankin.

Yadda dila ke tafiya

Tafiyar rigar gwanjo tana farawa ne daga akwatunan tara tufafi a Ingila, Amurka, Kanada, Jamus ko Sin. Ƙungiyoyin agaji da ke karɓar kayan suna sayar da kaɗan daga ciki a shagunansu, sauran su sayar wa kamfanonin da ke tantancewa. Kamfanonin su ware riguna daban, wanduna daban, su danne su da inji, su ɗaure su dila-dila, kowace mai nauyin kilo 55 ko kusa da haka, sannan a loda a kwantena. Duk da cewa kyauta aka ba da rigar tun farko, da kuɗi ɗan kasuwar Afirka ke sayenta.

Ɗan kasuwar yana biyan kuɗin dila ba tare da ya ga abin da ke ciki ba. Sai ya yanke ɗaurin ne zai san ko ya ci riba ko ya faɗi. Daga nan sai ya kasa kayan: zaɓin farko su ne masu kama da sababbi, na biyu waɗanda aka ɗan sa, na uku masu tabo ko yagewa, na ƙarshe kuma waɗanda ba su da wani amfani. Ƴan kasuwar Kantamanto sun daɗe suna kukan cewa zaɓin farko na ta raguwa a cikin dila, alhali kuɗinta na hawa, kuma da yawansu da bashi suke saye.

Dalilin wannan koma-baya yana can inda ake ƙera tufafin. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka sau biyu tsakanin 2000 da 2015, yayin da adadin sawun da ake yi wa riga kafin a yar da ita ya ragu da kashi 36 cikin ɗari. Rahoton ya ƙara da cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na tsofaffin tufafi ne ake sarrafawa su koma sababbin tufafi. Manyan kamfanoni na fitar da sabon yayi kusan kowane mako, da yadi marar kauri da ɗinki marar ƙarfi, don a saya da araha a sa sau kaɗan. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Irin wannan riga kan iso Afirka ta riga ta mutu.

A harshen Tuwi na mutanen Ghana, sunan gwanjo shi ne “obroni wawu”, wato kayan Baturen da ya rasu. Mutanen da suka laƙaba sunan sun ɗauka cewa babu mai rabuwa da tufafi masu yawa haka sai wanda ya bar duniya.

Masu almakashi da keken ɗinki

A cikin Kantamanto akwai layuka na teloli da aikinsu ke nan daga safe zuwa yamma. Rigar da ta yi wa kowa yawa a rage ta. Babbar rigar namiji a yanka ta a fitar da gajerun wanduna. Siket ɗin mace a mayar da shi rigunan yara. Wandon jins da ya koɗe a tsoma shi a rini ya dawo da launinsa, a goge shi, a rataye. The Or Foundation ta ƙiyasta cewa kasuwar na mayar da tufafi kimanin miliyan 25 cikin amfani a kowane wata ta hanyar sayarwa, gyara da sake ɗinki.

Daga cikin wannan aiki ne wasu matasa suka fitar da sana'a mai suna. A 2018 wani matashi ɗan Ghana, Yayra Agbofah, ya kafa ƙungiyar The Revival, wadda ke tattara kayan da ƴan kasuwa suka kasa sayarwa ta ba teloli su sake musu fasali. Ɗaya daga cikin ayyukanta da suka yi fice shi ne ɗinka wa manoman abarba kayan aiki da tsofaffin wandunan jins, saboda ganyen abarba na da ƙaya mai yankan jiki, yadin jins kuwa na da kauri. Ita ma The Or Foundation tana koya wa matasa yin tsumman goge ɗaki da allunan da ake haɗawa da niƙaƙƙen yadi. Tun 2022 take shirya wani biki a kowane watan Oktoba, inda matasan kasuwar ke baje kolin tufafin da suka ɗinka daga kayan da aka yar.

Akwai kuma ƴan matan da ake kira kayayei, masu dakon kaya a ka, akasarinsu ƴan arewacin Ghana. Su ne ke ɗaukar dila mai kilo 55 a kan gammo su ratsa lungunan kasuwa da mota ba ta shiga, kuma nauyin na yi wa wuya da ƙashin bayansu lahani. Gidauniyar ta buɗe wani shiri mai suna Mabilgu da ke cire wasu daga cikinsu daga dako ya sa su koyon sana'a, ciki har da ɗinki.

Ba a Ghana kaɗai ake wannan ba. A Yuganda, Bobby Kolade ya kafa kamfanin Buzigahill, wanda ke sayen gwanjo a Kampala, ya warware, ya sake ɗinkawa, ya sayar wa mutanen ƙasashen da kayan suka fito. A Najeriya, Nkwo Onwuka tana yayyanka tsofaffin jins siri-siri ta haɗa su su zama wani yadi da ta sa wa suna Dakala. Kafin su duka, Lamine Kouyaté, haifaffen Bamako, ya yi suna a birnin Paris a farkon shekarun 1990 da tambarinsa na Xuly Bët, inda yake sayen tsofaffin kaya ya sake haɗa su da jan zare a fili, kowa na ganin ɗinkin.

Inda gyaran ya gaza

Duk ƙoƙarin telolin, kayan sun fi ƙarfinsu. Jujin Kpone, wanda a da yake karɓar sharar Akra, ya cika tun kafin lokacin da aka tsara masa, ya kuma kama da wuta a 2019. Tufafin da ba a kwashe ba suna tarewa a unguwar Old Fadama da bakin tafkin Korle, ruwa ya ja su zuwa teku, igiyar ruwa ta murɗe su kamar igiya ta dawo da su gaɓa, su shiga komar masunta. Fiye da rabin zaren da ake ƙerawa a duniya yanzu na roba ne da ake samu daga man fetur. Ba ya ruɓewa kamar auduga, in an ƙona shi kuma hayaƙinsa na cutarwa.

Ba kowa ya yarda da alƙaluman gidauniyar ba. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Ghana ta ce sharar da ke cikin diloli ba ta wuce kashi biyar cikin ɗari ba, tana kuma ganin cewa zuzuta batun na iya kashe sana'ar da dubban iyalai suka dogara da ita. Saɓanin ya ta'allaƙa ne a kan abin da za a kira shara: dillalai na ƙirga abin da ya iso a lalace, gidauniyar kuwa na ƙirga duk abin da ya fita daga kasuwa ba a saya ba.

A daren 1 zuwa 2 ga watan Janairun 2025 gobara ta cinye fiye da rabin kasuwar, dubban ƴan kasuwa da teloli suka rasa jari da kekunan ɗinki. Cikin ƴan makonni suka soma sake kafa rumfunansu da katako. Gobarar ta bayyana cewa mutanen da ke ɗauke da wannan babban aiki ba su da inshora, ba su da wani asusu da zai tashe su in sun faɗi.

Hanawa ko gyarawa

Wasu gwamnatoci sun gwada rufe ƙofa. A 2016 ƙasashen ƙungiyar gabashin Afirka suka amince su daina shigo da gwanjo kafin 2019 don farfaɗo da masaƙunsu. Dillalan Amurka suka kai ƙara, gwamnatinsu ta yi barazanar janye rangwamen haraji na shirin AGOA. Kenya, Tanzaniya da Yuganda suka ja da baya. Ruwanda ce ta tsaya, bayan ta ɗaga harajin kilo ɗaya daga santi 20 zuwa dala biyu da rabi ta Amurka, kuma a 2018 Amurka ta dakatar da rangwamen da take yi wa tufafin da Ruwanda ke kai mata.

Najeriya ta daɗe da sa gwanjo cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, amma hanin bai hana kasuwanninta cika da shi ba. Kayan na sauka a Kwatano da Lome, wani kaso ya biyo ta Nijar ya tsallaka iyaka. Wannan fatauci na cikin harkokin da suka ɗaga alhazan Maradi, waɗanda masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Hanin bai kuma ceci masaƙun Kaduna da Kano ba, waɗanda ƙarancin wutar lantarki da yadin Sin mai araha suka durƙusar.

A Turai kuwa an koma biyan mutane don su yi faci. Tun watan Nuwamban 2023 Faransa ke rage wa mai kai tufafi ko takalmi gyara tsakanin yuro 6 zuwa 25, wato daga kusan jika 4 zuwa jika 16 da ɗoriya na kuɗin sefa. Kuɗin na fitowa ne daga wani kaso da kamfanonin tufafi ke biya a kan duk abin da suka sayar. Ƙasar ta kuma haramta lalata sababbin tufafin da ba a sayar ba tun daga 2022, sannan daga Janairun 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta tara tsofaffin tufafi daban da sauran shara. Ƴan kasuwar Kantamanto da masu mara musu baya na neman wani ɓangare na irin waɗannan kuɗaɗe ya biyo kayan zuwa ƙasashen da suke ƙarewa, tunda a can ake yin aikin gyaran da kwasar sharar.

Da tsohuwar zuma ake magani

Abin da Faransa ke biyan kuɗi a kansa, tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa. Zanen uwa in ya tsufa yakan koma majanyin goyo, daga nan ya zama gammo ko tsumma. Rigar wa ta koma ta ƙane, a rage hannu, a naɗe ƙafar wando. Ƙyallayen da suka rage a shagon tela a haɗa su a yi zanen gado, ko a cusa a matashin kai. Babbar rigar da ta koɗe a kai ta karofi a sake rina ta da baba, a kai wa mabuga su buge ta ta yi ƙyalli. Har yau akwai teloli masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi a lunguna don masu faci su ji.

Wannan ƙasa ta taɓa tufatar da wasu. Lokacin da matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya biyo ta Tasawa ya isa Kano a 1851, ya rubuta cewa yadin da ake saƙawa ake rinawa a can yana kaiwa har Tambutu, Gat, Murzuk da Tarabulus. A zamanin nan ma Nijar na da suna a fagen ado: Alphadi ya buɗe bikin FIMA na farko a 1998 a Tigidit, kusa da Agadas, ya kuma shafe shekaru yana kira da a mayar da ɗinki da saƙa hanyar samar wa matasa aikin yi.

Abin da ya sauya shi ne yadda matasa ke kallon tsohon kaya. A birane, ankon biki ya zama dole, kuma sau da yawa sau ɗaya ko biyu ake sa shi a jefa a akwati. Hoton da aka ɗora a Facebook ko TikTok na sa wasu jin kunyar sake fitowa da kaya iri ɗaya. Faci ya zama alamar talauci a idon da yawa. A lokaci guda kuma, waɗannan kafofi ne suka buɗe wa wasu matasan kasuwa: suna sammako wurin kwance dila, su zaɓi na kirki, su wanke, su goge, su ɗauki hoto, su tallata a WhatsApp. Tsakaninsu da abin da ake yi a Akra saura taki ɗaya, wato a haɗa mai zaɓen da tela, a taɓa kayan da aka saba bari a ƙasa.

Abin da Nijar za ta iya ɗauka

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma ɗinki na cikin sana'o'in da iyaye suka fi kai yara koyo. Matsalar ita ce aikin tela na da lokaci: ana kwana a kan keke gab da ƙaramar salla da babbar salla, bayan nan shago ya yi shiru. Gyaran tsofaffin kaya aiki ne da ba ya jiran salla, jarinsa kuma kaɗan ne, tunda ƙarshen dila da ƙyallayen shago kusan kyauta ake samunsu. Tun bayan rufe iyakar Benin da ya biyo bayan sauyin mulki na 26 ga watan Yulin 2023, kaya da yawa na zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru. A irin wannan hali, rigar da aka ƙara wa shekara ɗaya kuɗi ne da ya tsaya a aljihun mai gida.

Akwai kasuwar da ke jira. Tun watan Nuwamban 2014 Nijar ke da dokar da ta haramta ƙerawa, shigowa da sayar da baƙar leda da dangoginta, amma ledar na nan ko'ina, a kan itatuwa, a cikin lambatu, a tumbin awaki. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin abin da zai maye gurbinta da araha. Jakar cefane da aka ɗinka da ƙafar tsohon jins na iya shekaru. Haka jakar makaranta, rigar aiki ta makanikai da masu walda, safar hannu ta masu aikin lambu, da bargon hunturu na haɗe-haɗen ƙyalle. Darasin manoman abarba na Ghana shi ne a fara da tambayar wa ke buƙatar yadi mai kauri a kusa, kafin a yi tunanin baje koli.

Cibiyoyin koyar da sana'o'i da ke cikin kwaminoni, da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, suna da damar sa wannan fanni cikin darussan ɗinki: yadda ake warware riga ba tare da an ɓata yadin ba, yadda ake bambance auduga da zaren roba, yadda ake wankewa da kyau kafin a yanka, da yadda ake sa farashi. Batun farashin na da muhimmanci, domin warware wando da sake haɗa shi kan ci lokaci fiye da ɗinka sabon yadi, kuma telan da bai ƙirga lokacinsa ba zai gaji ya bari.

Ga mai saye kuwa, lissafin mai sauƙi ne. Masana sun ƙiyasta cewa rigar auduga ɗaya mai gajeren hannu na cin ruwa kimanin lita 2,700 daga gona zuwa shago, wato fiye da jarka 100 mai lita 25. Wanda ya duba ɗinki da kaurin yadi kafin ya biya, ya kai wa tela da zarar zare ya fara warwarewa, ya mayar da ankon bara wani ɗinkin ko ya ba wanda zai sa, ya rage wa kansa kashe kuɗi, ya kuma rage abin da zai toshe magudanar ruwa in damina ta faɗi.

Sai dai abin da ya faru a Akra ya nuna iyakar abin da tela da mai saye za su iya. Muddin diloli na zuwa cike da kayan roba marasa ƙarko, wani kaso zai ƙare a juji ko a wuta. Wannan ɓangare na hannun hukumomi ne: kwastan da za ta iya sa ido kan ingancin abin da ke shigowa, ma'aikatun magajin gari da za su ware wurin tara ragowar yadi a manyan kasuwanni don teloli su ɗiba kafin a kwashe, da gwamnatocin yankin da za su iya haɗa murya da Ghana wajen neman kamfanonin da suka ƙera kayan su biya kuɗin kwashe sharar su.